Turmi na 9 a Jidda: Nazari kan Damben Anthony Joshua

A daren Asabar 20 ga Agustan 2022 mun yi karo-karo muka kama wata istiraha, wato gidan hutawa na haya, a kudancin Jidda don kallon damben Anthony Joshua da Oleksandr Usyk karo na biyu. Inda ake karawar yana can arewacin gari, cikin rukunin wasanni na Sarki Abdullah da mutanen nan ke kira Jauhara, amma kujerar wurin ba ta direba da tela da yaron kanti ba ce. Talabijin ta ishe mu. Ga shayi a fulas, ga mutabbaƙ an yanka, ga kuma gumin Jidda na Agusta wanda ko tsakar dare ba ya sassautawa.

Dukanmu Anthony Joshua muke yi, har samarin da aka haifa a nan, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ba Bahaushe ba ne, asalin iyayensa Sagamu ce ta jihar Ogun, kuma tutar Birtaniya yake yi wa dambe. Amma wanda ya daɗe a ƙasar mutane ya san yadda na gida ke faɗaɗa. Yaron da ya zana taswirar Afirka a kafaɗarsa ya ware Nijeriya a ciki, wanda ya kwanta rub da ciki ya gaida Buhari a Landan a Janairun 2020 irin gaisuwar Yarbawa, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

A cikinmu akwai wani dattijo mahauci, mutumin ƙasar Zamfara, da duk muke kira Kawu. Ya sa zare a samartakarsa kafin aikin hajji ya kawo shi ya zauna. A turmi na 9, lokacin da Joshua ya danna Oleksandr Usyk jikin igiya yana zuba masa naushi a haƙarƙari, ɗakin ya kaure da ihu, wani har ya kifar da kofin shayi. Kawu ko motsi bai yi ba. Da aka kaɗa ƙararrawa sai ya ce, "Yara, ku zauna. Bai kashe ba, kuma ya ƙarar da ruwansa."

Wannan rubutu ƙoƙari ne na gane abin da Kawu ya gani, da kuma inda nake ganin bai gani duka ba.

An haifi Joshua a Watford ta Ingila ranar 15 ga Oktoban 1989. Bai taɓa sa safar dambe ba sai yana da shekara 18, a 2007, lokacin da wani ɗan'uwansa ya ja shi zuwa kulob ɗin Finchley a arewacin Landan. Kafin nan birkila ne, kuma yaron titi. An taɓa tsare shi a gidan yarin Reading a 2009, a 2011 kuma aka kama shi da tabar wiwi a mota, aka dakatar da shi daga tawagar ƙasa, kotu ta ɗora masa aikin sa'a 100 ba lada. A shekarar dai ya ciyo azurfa a gasar duniya a Baku, sannan a 2012 ya ci zinare a Olamfik ta Landan. Shekara 5 kacal tsakanin ranar da ya fara koyon tsayuwa da ranar da aka rataya masa zinare. Kowa yaba wannan gudu yake yi, kuma ya cancanci yabo. Sai dai a riƙe shi, domin zai dawo a matsayin bashi.

Ya shiga damben kuɗi ranar 5 ga Oktoban 2013 a ƙarƙashin kamfanin Matchroom na Eddie Hearn. Yadda ake renon ɗan damben da ake sa ran zai kawo riba sananne ne: a fara jera masa waɗanda za su faɗi, a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a cika zaure, a sayar wa talabijin. Joshua, mai tsayin santimita 198 da jiki kamar an sassaƙa, ya dace da wannan ciniki. Karawarsa 20 ta farko babu wadda ta kai hannun alƙalai. Kambun IBF ma, na ɗaya daga cikin manyan hukumomi huɗu masu ba da kambun duniya, a arha ya zo masa: Charles Martin, wanda ya ci shi saboda abokin karawarsa ya gurɗe a gwiwa, kwana 85 ya yi da shi, Joshua ya karɓe a turmi na 2 cikin Afrilun 2016.

Ranar da ya zama Joshua na gaske ita ce 29 ga Afrilun 2017, a Wembley, gaban mutum 90,000. Wladimir Klitschko yana da shekara 41 a lokacin, amma shi ya riƙe ajin masu nauyi daga 2006 zuwa 2015. Joshua ya kayar da shi a turmi na 5, ya ɗauka an gama, ya zuba duk ƙarfinsa, numfashi ya ƙare. A na 6 Klitschko ya ɗirka masa dama, ya tafi ƙasa karon farko a sana'arsa. Ya tashi, ya lallaɓa 'yan turame yana maido da numfashi, a na 11 ya sa wa tsohon naushi daga ƙasa a haɓa, ya kayar da shi sau 2, alƙali ya tsayar. Duk abin da zai same shi daga baya yana cikin wannan dare: ƙarfin hannu, saurin gajiya bayan ya yi ruwan naushi, da haɓar da ke taɓuwa. Bambancin kawai, a ranar zuciyarsa ba ta san shakka ba tukuna. Da ya haɗa da kambun WBO daga Joseph Parker a Maris ɗin 2018, uku cikin manyan kambu huɗu suna hannunsa. WBC kaɗai ya rage, wajen Deontay Wilder.

Sai 1 ga Yunin 2019 a Madison Square Garden, karawarsa ta farko a Amurka. Wanda aka shirya masa, Jarrell Miller, ya faɗi gwajin ƙwayoyi, aka ɗauko Andy Ruiz saura 'yan makonni. Gajere ne a ajin, ga teɓa, har mutane na yi masa dariya a wurin awo. Abin da dariyar ta rufe shi ne Ruiz tun yana ɗan yaro yake dambe, kuma hannunsa na da sauri ƙwarai. A turmi na 3 Joshua ya kayar da shi, ya afka don ya ƙarasa, kamar yadda ya saba. A cikin musayar Ruiz ya same shi da hagu a gefen kai, wajen kunne. Irin wannan naushi ƙafa yake ɗaukewa. Ya faɗi sau 2 a turmin, sau 2 a na 7, alƙali ya dube shi ya ga babu kowa a gida, ya ɗaga hannu.

A nan Saudiyya ta shigo labarin. A yarjejeniyar manyan karawa akan sa sharaɗin ramuwa, wato idan mai kambu ya faɗi yana da haƙƙin a sake. Tambayar ita ce a ina. Masarautar ta riga ta fara buɗe ƙofar wasanni da nishaɗi ƙarƙashin shirin 2030, har an yi wasan ƙarshe na wata babbar gasar dambe tsakanin Callum Smith da George Groves a nan Jidda a Satumban 2018. Abin da take bayarwa shi ne kuɗin masauki a dunƙule, wanda ke sa mai shirya wasa ya daina lissafin kujeru. Amnesty International ta soki abin, ta ce wanke suna ne da wasanni. Hearn bai fasa ba. Aka gina fili na wucin gadi mai cin mutum 15,000 a Dir'iyya, tsohuwar mahaifar gidan Al Sa'ud a gefen Riyad, aka sa ranar 7 ga Disamban 2019. Har ruwan sama aka yi a daren, abin da ya ba baƙi mamaki, mu kuwa mun san Riyad da hunturu.

Joshua ya zo ya rage kusan kilo 5. Ruiz ya ƙara kusan 7, ya haura kilo 128, kuma da bakinsa ya amsa daga baya cewa shagali ya yi maimakon atisaye. Turmi 12 Joshua yana zagaye fili, ya zungura hagu, ya ɗora dama, ya janye. In Ruiz ya matso ya rungume shi har alƙali ya raba. Ya fasa masa gefen ido tun turmin farko, bai kuma yarda an tsaya musaya ba. Alƙalai suka ba shi 118-110, 118-110, 119-109. Ya zama zakaran duniya karo na biyu, wata 6 bayan faɗuwa. A matsayin magani, babu abin kushewa.

A nan ne nake ganin matsalar ta samo asali. Dabarar ta ci ne a kan mutum mai gajeren hannu, mai nauyin ƙafa, wanda bai shirya ba. Amma Joshua da mutanensa sun fita Dir'iyya da imanin cewa ya zama gwanin dabara, mai cin wasa da ƙafa da lissafi. Alhali shi ba wannan ya kai shi Wembley ba. Daga ranar ya zama mutum biyu a jiki ɗaya: mai son ya afka, da mai tuna abin da afkawa ta jawo masa. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa.

A 2021 an kusa ƙulla karawarsa da Tyson Fury, wanda ya riga ya karɓe kambun WBC daga Wilder, a Saudiyya, cikin Agusta, don haɗa kambu huɗu a hannu ɗaya. Mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya fara biyan Wilder karawa ta uku, zance ya watse. WBO kuma ta ce ga wanda ke kan layi: Usyk na Yukiren. A nan dole a yi wa Joshua adalci. Yana iya ajiye kambun ɗaya ya jira Fury da tulin kuɗinsa, kamar yadda zakaru da yawa ke yi. Bai yi ba.

Usyk bahago ne, ya ci zinare a Olamfik ɗin da Joshua ya ci nasa, a ajin ƙasa da shi, ya kuma tattara kambu huɗu na ajin da ke bin masu nauyi kafin ya hauro. Ya yi karawa sama da 300 kafin ya shiga damben kuɗi. Joshua bai kai 50 ba. Ga bashin nan ya dawo. Ranar 25 ga Satumban 2021 a filin Tottenham, Joshua mai rinjayen tsayi da nauyi ya zaɓi ya gwada wayo da wanda ya fi shi wayo. Bai danne shi ba, bai jingina masa nauyi ba, ya tsaya nesa suna wasan hannu. Kamar mai gatari ne ya ajiye gatarinsa ya ce a zo a gwada ɗinki da tela. Alƙalai uku duk Usyk suka ba, 117-112, 116-112, 115-113, kuma ƙararrawa ce ta cece shi a turmin ƙarshe.

Joshua ya rabu da mai horar da shi, Rob McCracken, wanda ke tare da shi tun tawagar ƙasa, ya ɗauko Robert Garcia daga Kalifoniya, mai koyar da damben matsi. Shi kuwa Usyk yaƙi ya riske shi: Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022, ya koma gida ya shiga rundunar sa-kai ta tsaron ƙasa, daga baya ya fito ya yi shiri. Haka suka iso Jidda, ɗaya da nauyin ƙasa a kansa, ɗaya da nauyin sunansa.

Daren ya yi armashi tun kafin su fito. Ramla Ali, haifaffiyar Somaliya, ta yi karawar mata ta farko ta damben kuɗi a ƙasar nan. Ziyad Almaayouf ya yi tasa ta farko a matsayin ɗan Saudiyya. Yarima mai jiran gado yana zaune a gaba. Sai bayan tsakar dare aka fara babbar.

Gaskiya Joshua ya fi na Tottenham nesa ba kusa ba. Ya rage tsawo, ya dunƙule, yana neman ciki, domin kan bahago irin Usyk ba ya tsayawa wuri ɗaya amma haƙarƙari ba ya gudu. Turamen farko sun yi kusa. Abin da ke damuna ina kallo shi ne yadda yake yi guntu-guntu: ya matsa, ya samu, sai ya ja da baya ya tsaya yana duban aikinsa. Usyk kuwa ba ya hutawa kuma ba ya barin ka huta. Hannunsa na gaba kullum yana taɓa safarka, ƙafarsa ta gaba tana neman bayan taka, kana tunani kana kashe ƙarfi ko ba ka jefa komai ba. Mai kilo 110 da tsoka ko'ina ya fi mai kilo 100 jin wannan haraji, domin tsoka iska take ci.

A turmi na 9 Joshua ya manta da lissafi. Ya same shi a ciki, Usyk ya ja da baya, ya bi shi daga igiya zuwa igiya. Wannan ne minti 3 mafi kyau da ya yi cikin turmi 24 da suka yi tare. Usyk ya rungume, ya kauce, ya sha, bai faɗi ba. Da aka dawo na 10 sai ga shi ya fito kamar an sauya shi, naushi ta ko'ina. Joshua ya samu dama guda mai kyau a tsakiyar turmin, amma ba shi da abin ɗorawa a kai. Na 11 da na 12 ba gardama. Alƙali ɗaya ya ba Joshua 115-113, abin da ko mu masoyansa muka kalli juna a kai. Biyu suka ba Usyk, 115-113 da 116-112.

Abin da ya biyo baya shi mutane suka fi tunawa. Joshua ya ɗauki bel biyu ya watsar waje, ya fice, ya dawo, ya karɓi makirufo a daren da ba nasa ba. Ya yi ta magana ba kai ba gindi, da ashar a ciki, kan cewa shi bai taso cikin dambe tun yarinta ba, hanyar gidan yari ya kama kafin dambe ya ɗauke shi, sannan ya sa jama'a su yi wa Usyk jinjina. A taron 'yan jarida ya rufe fuska ya yi kuka. Istiraharmu ta yi tsit. Wani saurayi ya ce, "Kawu, ko naushi ne ya taɓa masa kai?" Kawu ya ce, "A'a ɗana. Takaici ne. A filin gida da makaɗi zai rufe shi da ganga, 'yan ɓangarensa su janye shi. Wannan ba shi da mai janye shi."

Ni ma abin da na gani ke nan. Mutum ne da aka gina kamar kamfani, da tallace-tallace da murmushin da aka auna, shekara 10 ba a ji ya yi tuntuɓen harshe ba. Ga tawaga cike da fili, amma ba wanda ya isa ya karɓe makirufon. Kuma a cikin shirmen akwai gaskiya ɗaya, wadda shi ya fi kowa saninta: ya zo dambe a makare.

Fassarar Kawu ita ce tsoro. A cewarsa wanda aka taɓa kashewa da gaske, idan ya dawo fili ido ɗaya ke kan abokin karawa, ɗayan na kan ƙasa, kuma da Joshua ya yi abin da ya yi a turmi na 9 tun daga na 3, da wani zancen ake. Na yarda da rabi. Damben gargajiya turmi 3 ne, hannu ɗaya, kisa ɗaya. Wanda ya taso a cikinsa zai ga duk ja da baya ragwanta ce. Turmi 12 wani lissafi ne daban. Joshua ba shi da huhun da zai yi turmi na 9 sau biyar, Klitschko ya nuna haka tun 2017. Kuma Usyk ɗin nan shi ne ya doke Fury a Riyad ranar 18 ga Mayun 2024, ya zama na farko da ya haɗa kambun ajin gaba ɗaya tun bayan Lennox Lewis a 1999, ya sake doke shi a Disamba. Wanda ya sha kaye a hannun irin wannan da ratar turmi ɗaya ko biyu ba a ce masa rago. Mun sha yin wannan musu da Kawu a bakin teburinsa, ba wanda ya sauka.

Bayan Jidda ya yi ta sauya masu horarwa: Derrick James a Texas, sannan Ben Davison, na huɗu ke nan cikin ɗan lokaci, alamar mai neman wanda zai faɗa masa ko shi wane ne. A lokacin kuma akalar damben masu nauyi ta koma hannun Turki Alalshikh na hukumar nishaɗi, Riyad ta zama inda ake ƙulla komai. Can Joshua ya farfaɗo. Ya sa Otto Wallin ya ajiye bayan turmi 5 a Disamban 2023. Ranar 8 ga Maris ɗin 2024 ya shimfiɗe Francis Ngannou na Kamaru a turmi na 2, mutumin da ya kayar da Fury ƙasa watanni kaɗan kafin nan. Muka ce tsohon Joshua ya dawo. Mun manta cewa karawar boksin ta biyu ke nan da Ngannou ya taɓa yi.

Ranar 21 ga Satumban 2024, a Wembley, da kuɗin Riyad Season, wato bikin nishaɗi na Saudiyya, ya nemi kambun IBF a hannun Daniel Dubois, wanda ya girme wa da shekara 8 ba kaɗan. Tun ƙarshen turmin farko Dubois ya same shi da dama ta sama, hannun Joshua na ƙasa, ya faɗi. Ya sake faɗuwa a na 3 da na 4. A na 5 ya samu dama mai nauyi, Dubois ya ja da baya, kuma a karon nan bai tsaya duban aikinsa ba. Ya afka, ya ɗauko naushi daga ƙasa, haɓa a buɗe. Gajeriyar dama ta riga shi isa. Ya kife, aka ƙirga 10.

Washegari na biya ta wurin Kawu sayen nama. Na ce, "Kawu, ka ga dai jiya ya shiga kamar yadda kake so."

Bai ɗago ba, yana ta sarar ƙashi. Can ya ce, "Shigar Jidda ce ya kai Landan, bayan shekara biyu." Ya ɗora naman a sikeli, ya ƙara mini 'yar hanta, ya ce in gaida mutanen gida.